Baba Bakwai, Mai Awon Ruwanmu

Kafin rana ta gama fitowa, wani dattijo yakan jingine kekensa a jikin ɗakin masu gadi, ya tuɓe takalmansa ya zuba a kwandon gaba, sannan ya kama matakalar simintin da ke gangarawa cikin madatsar ruwa. A irin wannan lokaci wani farin tururi ne ke tashi daga fuskar ruwan, mutum ba ya gane inda ruwa ya ƙare da inda sama ta fara. Balbelu na jere a bakin gaɓa kamar masu jiran mota. Yana sauka a hankali, hannu ɗaya a kan ƙarfen dogarawa, har ya isa inda sandar awo take tsaye, doguwa, fara, mai baƙaƙen lambobi. Ba ya karantawa nan take. Sai ya tsuguna ya jira ruwan ya daina rawa, ya sunkuyar da kai har idonsa ya yi daidai da fuskarsa, sannan ya zaro fensir daga bayan kunne ya rubuta. Ba ya amfani da biro, ya ce danshi na cinye tawada.

Daga nan ya hau, ya leƙa mazubin awon ruwan sama, ya zaga bayan bangon madatsar ya duba 'yar magudanar da ke tsattsafo, ya ga ko ruwanta garau yake ko ya fara gurɓata da ƙasa. Ƙarfe bakwai daidai, waya ta yi ƙara a ofishinmu na hukumar ruwa.

Ni ce mai ɗauka. Shekara goma sha tara ina ɗaukar wannan waya, ina rubuta abin da ya faɗa, ina kai wa injiniyoyi su lissafa yawan ruwan da za a saki zuwa matatar ruwa, da wanda za a tura wa kowace unguwa. Saboda wannan ƙarfe bakwai ɗin ne muka sa masa suna Baba Bakwai, har aka manta da sunansa na yanka. A watan jiya ya yi ritaya bayan shekara talatin da huɗu yana aikin. An yi 'yar walima a ƙarƙashin rumfar ajiye motoci, an ba shi agogon bango, aka watse. Na dawo gida raina bai kwanta ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

"Salamu alaikum, 'yata. An tashi lafiya? Ya yaran?"

"Lafiya lau, Baba. Nawa muka samu yau?"

"Mita goma sha huɗu da santimita ashirin da biyu. Ya sauka da biyu. Iska daga gabas take. Kuma agwagin nan masu jan baki sun iso, ki rubuta."

"Baba, ai babu gurbin agwagi a takardar."

"To ki rubuta a gefe. Wata rana za a nema."

Haka muke yi. Gefen takarduna cike yake da agwagi da launin ruwa da ranar da kwaɗi suka fara kuka. Ma'aikata da wayarsa suke saita agogo. Sau ɗaya tak ya makara, da minti goma sha ɗaya, har direbanmu ya fara neman makullin mota. Da ya kira, muryarsa ko a jikinta, ya ce, "Yi haƙuri 'yata, mai gida na tarar a kwance a kan matakala ta uku, sai da na jira ya gama hutawa." Kada yake nufi. Na ce me ya hana shi kimanta lambar daga nesa? Ya amsa kamar na zage shi, ya ce, "Da ruwan shan mutane zan yi ƙiyasi?"

Ba zan ce Baba ba shi da nasa ba. Yana da taurin kai, kuma in ya fara labarin tsuntsu sai ka ajiye masa waya a kan tebur ka je ka haɗa shayi ka dawo. Amma a shekarun nan duka ban taɓa goge lambar da ya ba ni ba.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba sai daga baya shi ne, a ƙarƙashin ruwan nan aka haife shi. Ƙauyensu na cikin waɗanda aka tasa lokacin da za a gina madatsar, yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Ya ce sun tsaya a kan tudu shi da mahaifinsa suna kallon ruwa na bin hanyar kasuwa a hankali, kamar baƙon da ya san gari. Mahaifin ya juya baya, kuma har ya rasu bai ƙara taka bakin wurin ba. Shi kuwa ɗan, da ya girma, wurin ya nufa neman aiki. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Ruwan nan ya ci gidanmu da gonarmu. Tunda ya ci, to lallai ya yi amfani. Na zo in tabbatar."

Shekara tara da suka wuce damina ta yi mana rowa. Ta zo a makare, ta ɗauke da wuri, madatsar ba ta ko kai rabi ba. Kowace safiya lambar Baba na raguwa, uku, huɗu, wata rana biyar. A ofis kuwa hankali kwance yake, domin akwai wata tsohuwar takardar lissafi tun ta zamanin da aka gina madatsar, wadda ke nuna in ruwa ya tsaya a mita kaza, to yawansa kaza ne. Sabon Injiniyan da aka kawo mana, mutum mai ƙwazo da faram-faram, ya zuba lambobin a kwamfuta ya ce ruwan zai kai mu wata bakwai. Damina kuma saura wata biyar. Manaja ya yi hamdala, kowa ya koma kujerarsa.

Wata Talata, bayan ya ba ni lamba, Baba bai yi maganar tsuntsu ba.

"'Yata, ki gaya wa Injiniya makarantarmu ta fito."

"Wace makaranta, Baba?"

"Wadda na yi aji ɗaya zuwa huɗu. Ta dutse ce, ba ta rushe ba. Shekara arba'in ban gan ta ba, jiya ta leƙo." Ya ɗan yi tari. "Ki ce masa takardarsa ba daidai take ba. Ruwan bai kai abin da yake zato ba."

Na isar da saƙo. Injiniya ya yi murmushi ya ce na'urar awon da aka kafa a madatsar da sandar Baba ai lamba ɗaya suke bayarwa, to ina matsalar? Washegari Baba ya maimaita. Rana ta uku ya sake. Ranar Juma'a sai ga shi da kansa a ofis, ya taka keke tun daga madatsar, rigarsa jiƙe da gumi, tsohon littafinsa a hammata. Ana tsakiyar taro ya yi sallama. Ni ke rubuta bayanin taron, don haka da kunnena na ji.

"Ranka ya daɗe," ya ce da Manaja, "lambar gaskiya ce, ni na karanta ta. Amma lamba saman ruwa take gani, ba ta ganin ƙasa. Ƙofar ajinmu, malaminmu dogo ne, ba ya sunkuyawa in zai shiga. Jiya na sa masunci ya kai ni. Ƙofar nan laka ta cinye ta, saura abin da bai wuce kamu biyu ba. Shekara arba'in kogi na kawo ƙasa yana zubawa. Inda takarda ke cewa ruwa ne, ranka ya daɗe, laka ce."

Manaja ya cire tabarau. "To me kake so a yi, Baba?"

"A fara raba ruwa tun yanzu. Unguwa-unguwa."

"Ka san abin da kake faɗa kuwa? In rufe wa mutane famfo saboda ƙofar aji? Gobe za ka ga jama'a a bakin get ɗin nan da bokitai. Kai kana can bakin ruwa da tsuntsayenka, ni za su jefa."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi don shugaba ya yi magana. Wani daga baya ya ce dama ai shekaru sun ja, ko a mayar da Baba sito ya huta. Baba ya gyara riƙon littafinsa. Bai ɗaga murya ba. Ya juya wajen Injiniya ya ce, "Ɗana, kai ka yi karatun da ban yi ba. Ka ba ni wuni ɗaya. In na yi ƙarya, ni da kaina zan kai makullin ɗakin awo in ajiye."

Allah ya saka wa Injiniyan nan da alheri, domin bai ji kunyar tashi ba. Ranar Asabar muka tafi, ni aka ɗora wa rubutu.

Wannan ne karo na farko da na ga madatsar da idona, bayan shekara goma ina rubuta lambobinta. Ruwan ya ja baya ya bar fili mai faɗi, ƙasa ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi. Wani masunci da ake kira Dogo ya ɗauke mu a kwalekwalensa. Babu iska ko kaɗan. Gajimare na kwance a cikin ruwan, har na riƙa jin kamar a sama muke tafiya. Baba na zaune a gaba da igiya mai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli mita ɗaya, an ɗaura mata dutse a baki. Ba ya duba taswira. Sai dai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan, Dogo. Nan ce mahauta." Ya saki igiya, ya ƙirga, na rubuta. "Gaba kaɗan. Nan rijiyar unguwarmu take." "Nan gidan kakata, akwai bishiyar lemo a tsakar gida." Haka ya riƙa bi da mu lungu-lungu a cikin garin da babu wanda ke gani sai shi. Injiniya na duba tsohuwar taswira yana gwada zurfin da aka rubuta da wanda igiya ta nuna, kuma a kowane wuri fuskarsa na ƙara canzawa.

Da hantsi muka isa makarantar. Bango huɗu ne na dutse, babu rufi, gansakuka ta lulluɓe su, wani tsuntsu na tsaye a kan kusurwa. Dogo ya tura kwalekwalen har jikin bangon. Baba ya miƙa hannu ya shafa saman taga.

"A nan nake zama," ya ce a hankali. "In malam ya juya allo, sai in leƙa in ga ko innata ta dawo daga rafi. Tana da wani tulu mai tsaga a baki, tun daga nesa nake gane ta."

Ruwa na ɗan bugun cikin kwalekwalen. Na rantse a lokacin sai da na ji kamar muryoyin yara na tashi daga ƙasa suna bitar karatu. Baba ya daɗe hannunsa na kan dutsen. Sannan ya share fuska da hannun riga, ya ce, "To Injiniya, saki igiyar a nan ma."

Wuri talatin da shida muka auna. A kan hanyar dawowa Injiniya ya yi lissafinsa a bayan takardata, ya sake yi, ya kuma sake. Da muka taka ƙasa ya ce, "Baba, ba wata bakwai ba ne. Da ƙyar ya kai huɗu da rabi." Ya kama hannun dattijon da hannu biyu ya ce, "Ka yafe mini." Baba ya ce, "Me ka yi mini? Ai ka zo."

Ranar Litinin Manaja ya sa hannu, ba da son ransa ba. Aka raba gari gida uku, kowace shiyya ta sami ruwa rana ɗaya, ta yi haƙurin kwana biyu. Aka hana wankin mota da ban ruwan furanni. Layin asibiti da na makarantun kwana kaɗai aka bari a buɗe.

Abin da Manaja ya ji tsoro kuwa ya faru. Mutane suka cika bakin get. Wayata ta koma ta zagi, wata mata ta ce in ba mu iya aiki ba mu sauka. Ba na ganin laifinsu. Wanda ya dawo daga aiki ya murɗa famfo ya ji iska kawai na fita, ga yara, ga wanki, ba lissafin laka ne a gabansa ba. Sai magana ta fita, ban san ta bakin wa ba, cewa wani tsoho ne a madatsa ya yi mafarki aka rufe wa gari ruwa.

Gidan Baba na shiyya ta uku, a can ƙarshen bututu, inda ruwa ke isa a gajiye. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ita ta ba ni labarin da bakinta. Tana cikin layi da jarkoki biyu, wata mata a bayanta ta ce Allah ya isa tsakaninta da tsohon nan na madatsa. Inna ta waiwaya ta ce, "Baiwar Allah, mijina ne. Kin ga jarkata, irin taki ce. Da yana da ruwan ɓoye, da ba ki gan ni a nan ba." Matar ta rasa inda za ta sa fuskarta. Da layi ya zo kan Inna, matar ce ma ta taya ta ɗora jarka a ka. Amma Inna ta ce da ta koma gida sai da ta sauke masa nata. "Na ce Malam, in lissafin nan naka ya tashi ba daidai ba, sai dai mu bar unguwar nan. Ya ce in ya tashi ba daidai ba, an sha wahalar banza, a zage shi. In kuma daidai ne aka ƙi ji, wa za a zaga a sami ruwa?"

Wata biyar suka cika, sama ko gajimare babu. Aka shiga na shida. Lambar Baba ta sauko inda ban taɓa rubutawa ba, har sai da aka ƙara wa sandar awo wani guntu daga ƙasa. Muryarsa a waya ta koma ƙasa-ƙasa. Injiniya ya rubuta kwanakin da suka rage a allon ofis, kullum yana gogewa yana rage ɗaya. Ranar da allon ya nuna tara, da la'asar, gabas ta yi baƙi. Muka fito baranda gaba ɗayanmu, har da Manaja, muka tsaya ruwa na dukanmu, babu wanda ya matsa. Da an bi tsohuwar takarda, da famfunan garin nan sun ƙafe sama da wata guda kafin wannan rana, har da na ɗakin haihuwa.

Babu wanda ya fito ya gaya wa gari haka. Famfo ya dawo, mutane suka manta, kuma dama haka aikin ruwa yake, ba a tuna mai yinsa sai ranar da aka rasa. A rahoton shekara an rubuta cewa hukuma ta ɗauki matakin da ya dace a kan lokaci. Ni na buga rahoton. Sunan Baba ba ya ciki.

To yau ga shi na rubuta, Baba. Kai ne ka tsaya a gaban manya da rigarka jiƙe da gumi ka faɗi abin da ba a son ji. Kai ne ka koma garin da aka raba ka da shi kana yaro, ka auna shi gida-gida da igiya, don garin wasu ya sha ruwa. Jaririn da aka yi wa wankan farko a asibiti a watan nan na shida, yanzu yana aji uku, bai san ka ba, uwarsa ma ba ta san ka ba. Mai ido a kan ruwa, dattijon da bai taɓa cewa "kusan" ba. Sannu da aiki.

Bayan wannan shekara an sake auna madatsar da jirgi da na'urori, aka yi sabuwar takardar lissafi, aka kuma sa dokar maimaita awon duk bayan shekara biyar. Injiniya, wanda yanzu shi ne Manaja, duk ma'aikacin da aka ɗauka sai ya tura shi ya yi mako guda a madatsa kafin ya ba shi kujera.

Makon jiya na je gaishe shi a gida. Na tarar da Inna a tsakar gida tana shanya, ta ce, "Shigo 'yar nan, ki taya ni da mutumin naki. Tunda ya bar aiki ya hana unguwa sakat. Da sifana yake yawo a aljihu, duk famfon da ya ji yana ɗiga sai ya yi sallama, ko bai san masu gidan ba. Jiya wani ya ɗauka mai gyara ne, har yana tambayarsa ko yana yin na banɗaki."

"Kuma na yi masa," in ji Baba daga kan tabarma.

Inna ta kawo mana ruwa a kofi. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya lumshe ido. Ya sake kurɓa.

"'Yata, akwai ɗan ƙanshin ganye. Daga ƙofar madatsa ta ƙasa suke jan ruwa. Ki gaya wa Injiniya su koma ta tsakiya, ruwan ƙasa ya fara juyawa."

Na ce, "Baba, ka fa yi ritaya."

Ya ce, "Ni na yi. Harshena bai yi ba."

Da na koma ofis na faɗa. Aka kira matatar ruwa, suka ce tun shekaranjiya suke mamakin yadda maganin tace ruwa ke saurin ƙarewa. Aka sauya ƙofa a ranar.

Mai karatu, ban san garinku ba, amma na san akwai irin Baba a can. Wani ne a ƙarshen wani bututu, ko a ɗakin injin da ba ka taɓa shiga ba, yana yin ƙaramin aiki iri ɗaya kullum ba tare da ha'inci ba, kuma a kan wannan aikin kake wanke fuskarka da safe. Ka neme shi tun yana raye ka ce masa sannu. In kuma kai ne aka ba wa ƙaramin aikin, ka riƙe shi yadda dattijon nan ya riƙe nasa, ka faɗi abin da idonka ya gani ko da ɗakin duka zai yi maka dariya.

Baba Bakwai, a madadin duk wanda ya taɓa murɗa famfo a garin nan ruwa ya zubo, mun gode. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya ƙara wa Inna haƙuri da kai da sifanarka. Yadda ka shayar da mu shekara talatin da huɗu, Allah ya shayar da kai.